Otal ɗin da Na Zana wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Karshi ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, akwai ƙanin matata Kabiru, wanda Allah Ya ajiye musamman don ya riƙa tuna mini. Amma kafin mu kai can, bari in gaya muku ko ni wane ne, don kada ku ɗauka wani ƙaramin mutum ne ya sha wannan kunyar.

Ni mai zanen gidaje ne. In ka tsaya a gadar Nyanya ka rufe ido ka jefa dutse, in bai faɗa kan motar haya ba, to kan rufin da na zana zai faɗa. Rabin Abuja daga cikin kwamfutata ta fito, sauran rabin kuwa kwaikwayona aka yi. Ofishina yana saman wani bene a Wuse, tsakanin mai gyaran waya da wata mai sayar da gashin kanti. Wasu suna kirana Injiniya, wasu Akitet, ni kuma duk wanda aka kira sai in amsa, don ban iya wulaƙanta mutane ba. Abin da na fi suna a kai shi ne sauri. Mutum zai shigo ya ce yana son gida, kafin lemon da na ba shi ya huce sanyi na nuna masa inda zai sa gadonsa.

To ga sirrin saurin, tunda dai yau ranar tonon asiri ce. Manhajar da muke zane da ita tana da wani abu da muke kira leya. Ku ɗauka takardu ne shara-shara da aka jera ɗaya kan ɗaya: bango a kan wannan, bututun ruwa a kan waccan, rubutu a kan wata. Kana iya kashe leya ta ɓace wa ido, amma tana nan kwance cikin fayil kamar ɓera a bayan kabad. Masu hankali goge abin da ba sa so suke yi. Ni kashewa nake yi, don a ganina komai zai yi amfani wata rana (har yau ina ajiye da cajar wayoyin da suka riga mu gidan gaskiya). Saboda haka fayil ɗaya gare ni, na sa masa suna Uwa. Duk gidan da na taɓa zanawa Uwa ce ta haife shi. Asalinta masaukin baƙi ne da na zana wa wata Madam Rifkatu a Yangoji, mai ɗakuna a jere da wurin shan abin sha. Daga baya na ɗora mata gidan kaji na wani bawan Allah a Tungan Maje, na ɗora shaguna, na ɗora gidajen haya. In sabon aiki ya zo, sai in kashe wannan, in kunna wancan, in canza suna a ƙasa, in karɓi godiya.

Yanzu sai surukina, Baba Malam. Tsohon malamin makaranta ne, kuma mutum ne da maganarsa ta fi man fetur tsada. In ya ce “to”, sai 'ya'yansa sun yi taro sun fassara. Tun da na auri 'yarsa Hauwa bai taɓa gaya mini maganar banza ba, amma na san a ransa rediyo ya ɗauke ni, wadda ake bari tana yi ana wani aikin. In baƙi sun zo yana gabatar da surukansa, sai ya ce, “Wannan likita ne. Wannan yana banki. Wannan kuma... mijin Hauwa ne.” Gashin kaina har ya fara fari ina jiran ranar da zai ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan muƙamin.

Sai ga dama ta zo. Baba ya gaji da gidan haya a Nyanya, yana da fili a Karshi, ya ce zai gina inda zai ƙarasa kwanakinsa shi da Inna, surukata. Kabiru, wanda ma'aikacin gwamnati ne kuma yana ganin duk duniya shi ya fi kowa sanin mutane, ya ce akwai wata matashiyar akitet da ya sani, a ba ta zanen. Da labari ya iso mini, ranar ko tuwo ban ci ba (na dai ci shinkafa). Ina raye, ina da kwamfuta, a kai zanen gidan surukina waje? Na sa Hauwa a gaba da mita har ta je ta roƙi mahaifinta. Ya aiko a kira ni.

Na cire takalmi tun daga bakin ƙofa, na durƙusa a gefen tabarma. Baba ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, “Abu biyu kawai nake so. Ɗan ɗakin da zan yi nafila in ajiye littattafaina. Sannan kada wani bayan gida ya fuskanci gabas, kada kuma ya ba ta baya. Sauran, ko me ka zana zan shiga.”

Na ce, “Baba, Allah Ya ƙara maka lafiya, ai ko tsuntsun da zai yi kashi a rufin gidan nan sai ya juya kudu tukuna.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “To.”

Washegari na buɗe Uwa ina fito. Na kashe kaji, na kashe shaguna, na rushe ɗakunan Madam Rifkatu na mayar da su ɗakuna huɗu manya da falo. Wurin abin shan nan, da yake yana lungu mai iska da taga babba, na ga ba inda ya fi shi dacewa da ɗakin nafila, sai na kashe kantar da kujerunta na rubuta sabon suna. Na juya banɗakuna suka kalli inda ya dace, na duba kibiyar da ke nuna arewa, komai daidai. Can sai na tuna a filin Karshi titi yana wani gefen ne daban. Abu mai sauƙi. Akwai maɓallin da ke juya gida gaba ɗaya kamar yadda ake juya waina a tanda. Na danna, ƙofa ta koma bakin titi. Na fitar da zanen ya zama PDF, wato irin fayil ɗin da kowace waya ke buɗewa, ban ko leƙa shi ba (likita yana shan maganin da ya rubuta ne?), na tura wa mutum uku: Baba, da Kabiru, da Bitrus, maginin da za a ba aikin. Har na ƙara da saƙo a ƙasa cewa ga aljannar duniya nan.

Abin da ban sani ba shi ne, fayil ɗin da ya bar hannuna ba shi da ra'ayi ɗaya. Kowa ya buɗe shi, abin da ya ga dama yake nuna masa. Wayar Baba, tsohuwa mai ladabi, shafin farko ta nuna masa tsaf, gida mai ɗaki huɗu. Kwamfutar ofishin Kabiru kuwa ba ta san wani abu wai shi leyar da aka kashe ba, ta tashi matattu. Shi kuma Bitrus ya kai nasa wani shagon buga takardu a kasuwar Karshi, injin ya haɗa rayayyu da matattu ya zuba masa a babbar takarda ɗaya, layi kan layi, kamar an kifar da tukunyar taliya.

Kuma abin dariyar, babu wanda ya fara tuhumata. Junansu suka kama. Hauwa ce take kawo mini rahoto kullum. Wai Kabiru ya kira Baba ya ce, “Baba, waɗannan ɗakunan duk me za ka yi da su? Har da lamba a jikin kowace ƙofa?”

Baba ya ce, “Waɗanne ɗakuna? Huɗu ne.”

“Baba, wallahi na ƙirga har na gaji. Kowanne da banɗakinsa.”

“Kabiru, ka je a duba maka ido. Yawan kallon kwamfutar nan ba alheri ba ne.”

Kabiru ya yi fushi ya kira Bitrus don ya sami mai goya masa baya, Bitrus ya ce shi a takardarsa akwai wani dogon ɗaki a baya da ba shi da bango sai waya. Nan Kabiru ya fara zargin Bitrus yana shan wani abu. Inna kuma ta tambaya ko Baba makaranta zai buɗe bai gaya mata ba.

Da Hauwa ta gama ba ni labari na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, “Maman Walida, wannan rashin sanin fasaha ne kawai. Zanen gini ba hoton biki ba ne da kowa zai kalla ya gane. Ki ce musu mu haɗu a filin ranar Asabar, zan yi musu karatu kyauta.”

Ta kalle ni ta ce, “Ka dai sake dubawa.”

Na ce, “Ni?”

Ranar Asabar na sa babbar rigata ta shadda, na ɗora hular kwano fara a kan hular zanna (a lokacin gani nake kwarjini ne). Mun sha cunkoson hanya, muka iso da hantsi. Baba na zaune a kujerar roba a inuwar wata bishiyar mangwaro, Inna na cikin motar Kabiru ta buɗe ƙofa tana fifita, Kabiru na tsaye ya rungume laftof ɗinsa kamar lauyan da ya zo da shaida. Bitrus kuwa, mutumin kirki mai son aiki, bai jira kowa ba. Ya riga ya kafa turaku, ya ja igiya, ya zana gidan gaba ɗaya a ƙasa da farar ƙasa, har an fara haƙa ta gefe guda.

Ya tarye ni da murna. “Oga Injiniya, sannu da zuwa! Na bi takarda daidai, ban ƙara ba, ban rage ba. Inda layi ta yi yawa, na ɗauki wanda ya fi kauri.”

Na dubi filin. Sai na ga wasu ƙananan murabba'ai a jere da na san su, kamar yadda mutum ke gane tsohon abokin da yake gudun haɗuwa da shi. Amma na dake. Na ce, “Madalla. Baba, bismillah, zo in zagaya da kai gidanka.”

Baba ya tashi da sandarsa. Muka shiga ta inda aka bar ƙofa, har yana ɗaga ƙafa yana tsallake layin farar ƙasa kamar bango ne na gaske. Ya ce, “Ina ɗakin nafilar?”

Na kai shi lungun. Ya tsaya a tsakiya, ya duba hagu da dama, na ga fuskarsa ta ɗan saki. Sai ya nuna wani lanƙwasasshen layi da sandarsa. “Wannan fa?”

Kafin in buɗe baki Bitrus ya ce, “Kanta ce, Baba. Nan mai sayarwa zai tsaya. Waɗannan zagaye-zagayen kuma kujeru ne, dogaye, irin na juyawa.”

“Mai sayar da me?”

Na yi caraf na ce, “Littattafai, Baba! Wato... kantar littattafai ce. Sabon salo ne.”

Kabiru ya matso, ya buɗe laftof, ya karanta abin da aka rubuta a wurin da Turanci, a hankali, harafi bayan harafi, sannan ya fassara wa Baba duk da ba wanda ya roƙe shi. “Mashaya, Baba. Ga ma inda aka ce a sa firij biyu.”

Daga cikin mota Inna ta ce, “Me ya ce?” Hauwa ta ce, “Ba komai, Inna.” Inna ta ce a'a, ita ma a nuna mata nata ɗakin, ta sauko. Bitrus ya yi mata jagora cikin girmamawa har bayan fili, ya tsayar da ita a tsakiyar dogon ɗakin nan mara bango. “Nan ne, Mama. Iska za ta shiga sosai.” Ya duba takardarsa. A daidai wurin da na rubuta sunan ɗakin Inna, tsohon rubutun Tungan Maje ya fito ya hau kansa. Kabiru ya leƙa, ya yi ƙoƙarin haɗiye dariya, ta ƙi haɗiyuwa.

“Inna, an ce nan na masu ƙwai ne.”

Ban kalli Hauwa ba. Ba sai na kalle ta ba, ina jin idonta a ƙeyata kamar an ɗora dutsen guga.

A nan ne ya kamata mai hankali ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ni sai na ɗaga murya. Na ce duk wannan sharrin na'urorinsu ne, kwamfutar gwamnati da injin kasuwa, ai ga asali a wurina. Na ɗauko laftof ɗina na ɗora a kan bonet ɗin mota, kowa ya kewaye ni, na buɗe Uwa. Sai ga gida ya fito fes: ɗaki huɗu, falo, ɗakin nafila ba kanta ba kujera, ɗakin Inna da bangonsa huɗu. Na gyara hular kwano. Na ce, “Kabiru, ka gani? Shi ya sa ake zuwa makaranta.” Har Baba ya gyaɗa kai. Wallahi a wannan ɗan lokacin na ji ƙamshin sabon muƙami.

Sai Baba ya sunkuyo ya ce, “Ina gabas a nan?”

Na nuna masa kibiyar arewa, na lissafa masa, na ce ga gabas, ga banɗakuna sun kauce mata sarai. Kabiru ya miƙo hannu ya danna shafi na gaba, na bututun ruwa. A can kibiyar wani gefen daban take kallo. Ya danna na gaba. A wannan kuma ƙofar gida tana inda ba titi. Ashe da na juya wainar nan, kibiyar shafin farko, wadda ke nan tun zamanin Yangoji, ta bi gidan ta juya tare da shi, sauran shafukan kuma kowanne da alƙiblarsa.

Baba ya ɗago daga kan laftof ɗin. Ya bar mu ya taka zuwa jerin ƙananan murabba'an nan da Bitrus ya zana, ya shiga na farko, ya tsaya yadda mai amfani da wurin zai fuskanta. Ya ɗaga kai. Can gaba, tsallaken titi, akwai wani ɗan masallacin unguwa, kuma Baba da mihirabin masallacin wuri ɗaya suke kallo. Ya fita ya shiga na biyu. Haka. Na uku. Haka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko guda ba, mu kuwa muna tsaye kamar masu jiran sakamakon asibiti. Banɗakunan nan sun yi sahu, sun daidaita kafaɗa, ko limami ba zai sami abin gyarawa ba.

Zufa ta cika hular kwano. Na ce bari in gyara yanzu-yanzu a gabansu, aikin minti ɗaya ne. Cikin gaggawa, maimakon in danna abin juyawa sai na danna wanda ke kunna leyoyi duka. Uwa ta fito da 'ya'yanta gaba ɗaya. Shaguna, kaji, gidajen haya, lambobin ƙofa, har da allon talla da na zana wa Madam a saman ƙofar shiga, mai sunan masaukin da sanarwar cewa akwai farfesun kifi kuma ana karɓar masu gajeren hutu.

Bitrus ya tafa hannu. “Kai! Na ce na san gidan nan! Oga, ai ni na yi ma wurin filasta a Yangoji. Baba, wurin yana da kyau sosai, ranar Juma'a da yamma ba ka samun wurin zama, har...” Ya ga fuskar Baba, ya ƙarasa da tari.

Aka kira azahar a masallacin tsallaken titi. Ban taɓa jin daɗin kiran salla irin na ranar ba. Baba ya ce shi a nan zai yi, ƙafarsa ba za ta kai can ba. Kabiru ya ɗauko darduma da ruwa a mota. Ni kuma, don in nuna ina da sauran amfani, na zaro waya na ce, “Baba, akwai manhajar alƙibla a nan, bari in duba maka.”

Ya ce, “Bar shi.”

Ya shimfiɗa dardumarsa, ya saita ta da banɗakunana, ya ta da salla. Muka bi shi.

Ba sai na gaya muku wa ya zana gidan da Baba ke ciki yanzu ba. Matashiyar nan ce ta Kabiru, kuma gida ne mai kyau, duk da ni da na faɗaɗa falon kaɗan. Abin da na koya dai shi ne, abin da ka kashe a fayil bai mutu ba, barci yake, kuma a gidan surukai yake farkawa. Yanzu gogewa nake yi. Kuma kafin in tura wa kowa zane sai na buɗe shi a wayar mai gyaran waya, da ta mai gashin kanti, in da hali ma da ta wani wanda ba ya ƙaunata.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Bayan mun sallame a ranar, kowa ya nufi mota, sai Baba ya yafito ni da hannu. Na zo da sauri na durƙusa, hular kwano a hannu, ina cewa a raina tsoho mai haƙuri ne, zai ce in je in gyara. Ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, ya yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

“Wasiyya zan bar maka. Ranar da ta Allah ta kasance a kaina, ka zo, ka yi mini salla, ka yi mini addu'a. Amma don Allah kada ka matsa kusa da masu awon kabari. Ina so in kwanta ina kallon gabas, kuma ni kaɗai.”